Talata a Gombe: ƙwayar cutar da ta farka

Tun zagayen safe hankalina ya tsaya kan gado ɗaya. Magidanci ne aka kawo daga wani ƙauye, ya yi makonni yana ciwon kai, sai jijjiga, ga hannun dama ya saki. 'Yan'uwa sun fara da rubutu da hayaƙi, a zatonsu iska ce. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tabo masu zobe, CD4 ɗinsa kuwa, wato ma'aunin ƙwayoyin garkuwar jiki, bai kai 100 ba. Yana ɗauke da ƙanjamau, da ya ji ƙarfi sai ya ajiye magunguna, har da Septrin, maganin da ke kare masu ƙanjamau daga wasu cututtuka. Muna zaton ƙwayar cutar da ake kira Toxoplasma gondii ce ta tashi a ƙwaƙwalwarsa.

Mahaifiyarsa ta tare ni a baranda. "Likita, yaushe wannan abu ya shige shi?" Na ce, "Inna, mai yiwuwa tun yana yaro." Ta riƙe baki. Gaskiya na faɗa mata. Toxoplasma gondii, wadda aka gano a Tunisiya a 1908, tana shiga mutum ta naman da bai dahu ba, ko abinci da ruwan da kashin kyanwa ya gurɓata. Da farko tana hayayyafa da sauri, wato takizoyit. In garkuwar jiki ta matsa mata, sai ta rikiɗe ta koma biradizoyit mai nawa, ta naɗe kanta cikin wani ƙunshi a ƙwaƙwalwa ko tsoka, ta yi lamo shekara da shekaru. Ranar da garkuwa ta yi rauni, ƙunshin ya fashe, ta koma mai saurin nan.

Bayan isha'i na zauna karatu kan wannan rikiɗa, don ita ta fi damuna. Akwai wasu furotin da kowace halitta ke ƙerawa in zafi ko wuya ta same ta, aikinsu su tallafi sauran furotin kada su lalace. Ana ce musu HSP. Ɗaya daga ƙananansu, BAG1, a jikin mai nawar kaɗai ake samunsa, har shi ake dubawa a gane ta kwanta. HSP70 kuwa a lokacin sauyin yake bayyana. An gan shi a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka raunana wa garkuwa, daidai lokacin da cutar ke tashi. A ɗakin bincike ma, in aka ɗaga zafi zuwa digiri 43, ko aka sauya sinadarin ruwan da ake kiwonta, sai ta fara rikiɗa. Ashe takurar da jiki ke yi mata ita ce ke riƙe da ita, ita kuma tana da kayan aikin jure takurar.

Lamarin dai ba mai sauƙi ba ne. An cire mata BAG1, amma hakan bai hana ƙunshin samuwa kwata-kwata ba. Sai a 2020 aka gano BFD1 a Amurka, furotin da in babu shi ba ta iya komawa mai nawa. A ganina nan ya kamata masu haɗa magani su sa ido, domin duk abin da ke hannunmu mai saurin yake kashewa, ƙunshin na nan daram. Hakan na ci mini rai. Mutum zai warke ya koma gona, abin na kwance a kansa.

Mun ɗora shi kan Septrin mai ƙarfi, na aƙalla mako shida, da maganin jijjiga. In cutar ce, cikin mako biyu ya kamata a ga canji, a wajen lokacin ne kuma za a mayar da shi kan maganin ƙanjamau. Babban likitanmu ya ce gobe in zauna da yayansa in yi masa bayani a tsanake, don shi zai riƙa tsaya masa kan shan magani in an sallame su. Allah ya ba shi lafiya.