Ovechkin ya karya tarihin ƙwallaye, amma har yanzu Gretzky ne na ɗaya a wurina

Tun ranar 6 ga Afrilu 2025 da Alex Ovechkin ya zura ƙwallonsa ta 895 a ragar New York Islanders ya wuce Wayne Gretzky a yawan ƙwallaye a NHL, babban lig ɗin Amurka da Kanada, gardamar wa ya fi kowa a tarihin hokin ƙanƙara ta sake tashi, har na ga wasu na cewa ai shi kenan an sauke Gretzky daga kujera. Ni kam ban yarda ba ko kaɗan, kuma ba don na raina Ovechkin ba ne. Mutumin da ya karye a ƙafa a watan Nuwamba 2024, ya dawo yana ɗan shekara 39 ya ƙarasa aikin a kakar nan ɗin dai, ai sai a sara masa. Kowa a filin ya san inda zai tsaya, can gefen hagu, gola ya sani, 'yan baya sun sani, amma da an miƙo masa pak ɗin (ɗan faifan baƙar robar nan da suke bugawa) sai dai ka ji ƙara ka ga raga ta motsa. A zura ƙwallo zalla babu kamarsa. Amma wasan ya fi zura ƙwallo faɗi.

Ma'aunina ɗaya ne: lokacin da ɗan wasa yake kan ganiyarsa, wace irin tazara ya ba waɗanda suke bugawa tare da shi a zamani ɗaya, a kan ƙanƙara ɗaya, da gololi iri ɗaya? Tara adadi saboda daɗewa abu ne mai kyau, amma ba shi nake sa wa a gaba ba.

To a wannan ma'aunin Gretzky ya yi nisa sosai. A hoki ana haɗa ƙwallon da ka ci da wadda ka bayar aka ci, shi ne makinka. Gretzky ya tashi da maki 2,857, ƙwallaye 894, bayarwa 1,963. Na biyu a tarihi, Jaromir Jagr, makinsa gaba ɗaya 1,921 ne, wato ko da Gretzky bai taɓa zura ko ɗaya da sandarsa ba, bayarwarsa kaɗai ta ishe shi zama na ɗaya. Duk lokacin da na tuna wannan lissafin sai jikina ya yi sanyi wallahi. Na san abin da ake cewa, wai shekarun 1980 ƙwallaye sun yi arha, gololi na tsaye ƙiƙam da ƙananan kayan kariya, kuma a Edmonton Oilers yana da Mark Messier da Jari Kurri da Paul Coffey a gefensa, har ma sun ci kofin Stanley, wato kofin zakarun lig, a 1990 bayan ya tafi. Duk gaskiya ne. Amma ai gololin nan su ne kowa ke bugawa, me ya hana sauran? A kakar 1983-84 ya yi maki 205, na biyu Coffey 126. A 1985-86 ya yi 215, na biyu Mario Lemieux 141. Ya ci ƙwallo 92 a kaka ɗaya, ya cika 50 a wasa 39 kacal. Da aka sayar da shi wa Los Angeles Kings a 1988, ƙungiyar da ba ta da wani abin a zo a gani, a kakar farko ya sake zama gwarzon lig, a 1993 ya kai su wasan ƙarshe. Kuma ba shi da jiki, ba shi ne ya fi kowa gudu ba, bugunsa ma ba wani mai ƙarfi ba ne, kai ne kawai. Idan ka kalli tsofaffin bidiyonsa a YouTube ka lura da yadda yake zuwa bayan raga ya tsaya da pak, gola bai san ko ya waiga dama ko hagu ba, 'yan baya biyu na tsoron shiga don duk wanda ya matsa ya bar wani a buɗe, shi kuma yana nan yana jira kamar ba wasa ake ba, sai wani ya ɗan motsa ƙafa kawai ka ga pak ta bi ta wurin.

Inda zuciyata take rawa shi ne Bobby Orr, don akwai ranakun da nake ji kamar in ɗora shi sama da Gretzky ma. Ɗan baya ne fa. Kafin zuwansa Boston Bruins a 1966 aikin ɗan baya shi ne ya tare, ya ture, ya miƙa wa 'yan gaba ya koma wurinsa. Orr sai ya ɗauko pak daga bayan ragarsu ya ratsa filin gaba ɗaya shi kaɗai, kuma idan aka ƙwace ya riga kowa dawowa. Sau biyu ya fi kowa maki a lig, 1970 da 1975, kuma har yau babu wani ɗan baya da ya yi haka ko sau ɗaya. Kyautar Norris ta gwarzon 'yan baya sau takwas a jere. A 1970-71 ya yi maki 139, kuma bambancin ƙwallayen da Boston ta ci da waɗanda aka ci ta yana cikin fili ya kai 124, shi ma tarihi ne da ke nan har yanzu. Hoton nan da aka fi sani a duk tarihin wasan nasa ne, 10 ga Mayu 1970, daƙiƙa 40 da shiga ƙarin lokaci da St. Louis Blues, ya zura ƙwallon da ta ba su kofi, Noel Picard ya harɗe masa ƙafa da sanda, aka ɗauke shi yana shawagi a iska a miƙe, hannuwa a sama, baki a buɗe. Gwiwarsa ta hagu ce ta ci amanarsa, tiyata kan tiyata, a gasar Kofin Kanada ta 1976 da ƙyar yake taka ƙafar amma shi aka ba gwarzon gasa, a 1978 ya ajiye yana ɗan shekara 30 da wasa 657 kawai. Abin da ya sa na bar shi a na biyu shi ne Gretzky ya riƙe irin wannan tazarar ya fi shi daɗewa, amma gaskiya ratar da ke tsakaninsu a wurina ba ta da yawa.

Lemieux ne na uku, kuma idan baiwa ce zalla ake magana ina ganin ya fi su duka. Dogo ne ƙaƙƙarfa mai hannu mai laushi, maki 1,723 a wasa 915, ya yi 199 a 1988-89, a ranar ƙarshe ta 1988 ya ci New Jersey ƙwallo biyar ta hanyoyi biyar daban-daban. Ciwon baya ya taɓa kai shi ga ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalminsa sai an ɗaura masa, a haka ya ci kofi a 1991 da 1992. Sai Janairu 1993 aka gano yana da ciwon daji, ya tafi jinya kusan wata biyu, ranar da aka yi masa gashin cutar na ƙarshe a asibiti da safe, da daddare yana fili a Philadelphia, magoya bayan abokan gaba suka miƙe suna tafa masa, ya ci ɗaya ya bayar da ɗaya. Pat LaFontaine na gabansa da maki 12 a lokacin, da kaka ta ƙare shi ne a gaba da 12, maki 160 a wasa 60. Kai, Allah mai iko.

Gordie Howe na huɗu, na san dattawan Detroit, inda ya yi suna, ba za su ji daɗi ba. Ya fara a 1946, ya buga kakarsa ta ƙarshe a NHL a 1979-80 ya tashi yana da shekara 52, tare da 'ya'yansa Mark da Marty a Hartford, kuma duk wasanni 80 ya buga. Shekara 20 a jere yana cikin biyar na sama a maki, gwarzon lig sau shida, ga gwiwar hannu da kowa ke tsoro. Na girmama shi ƙwarai, sai dai ganiyarsa ba ta kai ta ukun can ba.

Na biyar nan ne nake rabuwa da mutane da yawa, don ni gola zan saka, Dominik Hasek ɗan ƙasar Cek. Ana ba Patrick Roy saboda kofuna huɗu, ana ba Martin Brodeur saboda nasara 691, amma Hasek ya zama gwarzon lig gaba ɗaya sau biyu a jere, 1997 da 1998, a Buffalo da ba ta da taurari, yana birgima a ƙasa, yana yar da sanda ya damƙe pak da hannu, yana tarewa da kai da baya da duk abin da ya samu. A Olamfik na Nagano 1998 ya tare duk bugun fenariti biyar na Kanada a wasan kusa da na ƙarshe, Gretzky na zaune a benci ba a ma zaɓe shi ya buga ba, sannan suka ci Rasha 1-0 suka ɗauki zinare.

Sidney Crosby yana dab da nan, kofi uku da ƙwallon da ta ba Kanada zinare a Olamfik na Vancouver 2010, wadda Jarome Iginla, da mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya miƙa masa. Maurice Richard da Jean Beliveau da Nicklas Lidstrom duk suna cikin goman farko a wurina, Ovechkin ma haka. Abin da ke damuna a duk irin wannan jerin shi ne 'yan Tarayyar Sobiyet irin Valeri Kharlamov da Vladislav Tretiak da ba su taɓa buga NHL ba, alhali a jerin wasannin da Sobiyet ta kara da Kanada a 1972 Kharlamov ya wahalar da Kanada har sai da Bobby Clarke ya sare shi da sanda a idon sawu a wasa na shida, kuma duk da haka ana yin lissafi kamar ba su wanzu ba.

Shi kuwa Connor McDavid na Edmonton, mutane na cewa sai ya ci kofi tukuna, bayan Florida ta doke Edmonton a wasan ƙarshe a 2024 da 2025. Ni ba kofi nake jira ba. Ya yi maki 153 a 2022-23, wanda rabon da a ga irinsa tun Lemieux a 1996, a zamanin da gololi suka ƙware suka cika raga, kuma a 2024 an ba shi gwarzon wasannin kofi duk da ƙungiyarsa ce ta sha kashi. In ya ƙara kaka biyu ko uku a wannan matakin zan matsar da Hasek ƙasa, wataƙila har da Howe.