Yaushe Za A Kai Yaro Wurin Koci?

Ina horar da yara ƙwallo a filin wata firamare da ke unguwarmu a Zariya, da yammacin Alhamis da Juma'a, tunda su ne ranakun da babu Islamiyya. Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, "Koci, yaushe zan kawo maka shi?" Nakan ce a bari ya cika bakwai. Kafin nan a saya masa ƙwallo a sake shi a ƙofar gida da sa'o'insa.

Na karɓi 'yan shekara huɗu da biyar, na ga yadda suke. Duk inda ƙwallo ta gangara sai su rufa mata gaba ɗaya, kamar 'yan tsaki an watsa musu tsaba. Ka ce wa yaro ya ba ɗan'uwansa, sai ya dube ka da mamaki, domin a ganinsa ƙwallon tasa ce. Ka busa usur ka jera su a layi, kafin layi ya zo kansa wani ya zauna yana tara ƙasa, wani yana kukan ƙishirwa. Wannan ba taurin kai ba ne. Hankalin yaro a wannan lokaci bai kai ya lura da ƙwallo da abokin wasa da abokin hamayya a lokaci guda ba. Abin da jikinsa ke nema shi ne gudu, tsalle, faɗuwa da tashi, kuma wasan langa da ƙwallon tsumma a lungu suna ba shi wannan fiye da duk atisayen da zan tsara.

Daga bakwai abin yakan canja. Yaro ya shiga firamare, ya saba da jiran layi, ya san a ce masa yi ko bari. Mu da muka tashi da hadisin fara umurtar yara da salla a shekara bakwai ba ma mamakin haka.

Amma ko a bakwai ɗin, babban ɓarnar da nake gani ita ce a zuba yara goma sha ɗaya-ɗaya a filin manya. Ɗan ƙaramin gola ya tsaya a ragar da ko tsalle ya yi ba zai taɓa sandar sama ba, na gefe kuma a tashi wasa bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Me ya koya? Tsarin da Ingila ta bi shekaru da dama shi ne biyar-biyar ga 'yan ƙasa da shekara 7 da 8, bakwai-bakwai ga 'yan 9 da 10, tara-tara ga 'yan 11 da 12, sai daga nan a shiga cikakken fili. Jamus ma daga 2024 ta mayar da mafi ƙanƙantar yaranta biyu-biyu ko uku-uku da ƙananan raga. Ni ma nakan raba filinmu gida huɗu da duwatsu da takalma, a yi huɗu-huɗu, babu mai zaman benci. Ƙwallo mai lamba 3 nake ba su, mai lamba 4 sai sun kai goma. Mai lamba 5 ta manya tana yi wa ƙafarsu nauyi, har su koyi dukanta da tsinin yatsa, abin da ke da wuyar gyarawa daga baya. Dukan ƙwallo da kai kuwa na hana gaba ɗaya. Amurka ta haramta shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015 saboda tsoron lahani ga ƙwaƙwalwa, kuma ban ga dalilin da kan yaranmu zai fi nasu araha ba.

Wani uba ya taɓa ce mini, "Malam, ai Messi tun yana ɗan mitsitsi ya fara." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, amma a ƙaramin kulob ɗin unguwarsu a Rosario ya fara, kakarsa ke raka shi. Sai da ya kai 13 ya tafi Barcelona." Gaggawar iyaye nake tsoro fiye da komai. Uban da ke tsaye a bakin fili yana daka wa ɗan shekara takwas tsawa don ya zubar da ƙwallo, shi ke sa yaron ya fara ɓuya ranar atisaye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: shekarun gaskiya. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, daga 1985 zuwa 2015, amma zargin rage shekaru bai taɓa rabuwa da ƙwallon matasa ba, har FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a 2009. Abin daga unguwa yake farawa. Idan aka cusa ɗan shekara goma sha ɗaya cikin 'yan takwas, shi zai ci ƙwallaye, ƙananan su sha bangaza su daina zuwa. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini yaro sai ya zo da takardar haihuwa, in babu ita katin rigakafi ya wadatar.