Na shirya haihuwa a gida, sai gwajin fitsari ya fito da GBS

Wannan ne cikina na uku, kuma tun yana ƙarami na ƙudurta a ɗakina zan sauka. Haihuwata biyu na baya lafiya ƙalau aka yi su, ba tiyata ba ƙari. A nan Ingila kuwa, mai lafiyayyen ciki da ta taɓa haihuwa ba a hana ta haihuwar gida, ungozomomin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ne ma suke zuwa da kayan aikinsu su karɓa. Muna cikin wannan shiri aka ɗauki fitsarina a wani awo, sakamako ya nuna ƙwayar cutar Sitiref rukunin B, wadda kowa a asibiti ke kira GBS.

Da farko na ɗauka ciwon sanyi ne, har na fara tunanin yadda zan tunkari Abban yara da maganar. Ungozomata ta ce in kwantar da hankalina. Ba cutar da ake ɗauka wajen kwanciyar aure ba ce, ba kuma ƙazanta ke kawo ta ba. A hanji da gaban mace take zaune, ta zo ta tafi, kuma a Birtaniya mata 2 zuwa 4 cikin 10 suna ɗauke da ita ba tare da sun ji komai ba. Wanda ake ji wa tsoro shi ne jariri, lokacin da yake ratsowa. Yawancin jarirai ko sun haɗu da ita ba abin da ke samunsu, amma ɗan ƙalilan takan shiga jininsu, ko ta zama ciwon huhu, ko sanƙarau, galibi a ranar farko.

Alƙaluman da ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, take bayarwa su ne na daɗe ina juyawa a raina. Idan uwa tana ɗauke da ƙwayar, kusan jariri 1 cikin 400 ne ke kamuwa. Idan aka yi mata allurar maganin kashe ƙwayar ta jijiya a lokacin naƙuda, sai ya koma kusan 1 cikin 4,000. Cikin waɗanda suka kamu a kwanakin farko kuma, kusan 1 cikin 19 ba ya rayuwa.

An ba ni magani na sha saboda fitsarin, na yi zaton shi ke nan an rabu. Ashe a'a. Maganin sha yana wanke mafitsara ne kawai, ƙwayar tana nan a hanji, kafin ranar haihuwa ta dawo inda take. Abin da ke aiki shi ne fenisilin ta jijiya da zarar naƙuda ta kankama, a ƙara duk bayan awa 4 har a haihu, kuma an fi so allurar farko ta riga haihuwar da aƙalla awa 4. A nan shirina ya samu cikas. A yankinmu ungozomomi ba sa yin wannan allura a gida, don akwai wadda jikinta zai iya ƙin maganin nan take numfashinta ya sarƙe, kuma ba a falo ake ceto irin wannan ba. Ga shi ni naƙudata ba ta daɗewa.

Ba wanda ya tilasta min komai, wannan kam na yaba. An ce idan na dage sai gida za su zo, ba allura, su riƙa duba numfashin jariri da zafin jikinsa na awa 12. Na san matan da suka zaɓi haka bayan sun fahimci komai, ban kuma ga laifinsu ba, domin 1 cikin 400 ba adadi ne mai yawa ba. Sai dai ni da na zauna da kaina, na ga abin da nake gudu a asibiti shi ne hayaniya da yawan taɓa ni da kwanciya a gado kamar marar lafiya. Duk wannan ana iya rage shi. Akwai ɗakin haihuwa na ungozomomi a cikin asibitin, da kwamin ruwan ɗumi, kuma GBS ba ta hana haihuwa a ruwa. Can zan je. Idan allurar ta samu awanninta, cikin ya cika, jariri kuma ya fito garau, ba sai an riƙe mu don wani sa ido na musamman ba.

Da na faɗa wa Umma a waya cewa ta yi, "Ke dai kin cika tsoro. Duk a ɗaki na haife ku, wa ya taɓa jin wata GBS?" Na ce, "Haka ne Umma, Allah ne ya tsare." Ban ja da ita ba, don gaskiya ta faɗa. Amma duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu a Kano ya san gidan da aka yi barka da safe, kafin suna jariri ya koma, aka ce dama ba mai zama ba ne. Dalilai da yawa ke kawo haka, GBS ɗaya ce daga ciki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta tana kashe jarirai kusan 100,000 a shekara, ban da aƙalla 46,000 da ake haifa ba rai, kuma Afirka kudu da Sahara ce ta fi ɗaukar nauyin. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma bai kai kashi 20 ba. Wannan ne ya fi tsaya min a rai fiye da shirina da ya canza.

Ko a nan ba kowace mai ciki ake yi wa gwajin ba, ni ma katari aka yi. A Amurka ne suke gwada kowa, tsakanin mako na 36 da na 37. Saboda haka 'yar'uwa, gwaji ko ba gwaji, akwai halin da bai kamata ki zauna a gida ba: naƙuda ta zo kafin mako 37, ko zazzaɓi ya rufe ki kina naƙuda, ko faya ta fashe naƙuda ta ƙi zuwa, ko kin taɓa haifar jaririn da aka ce cuta ta shiga jininsa a kwanakin farko. Ni an gaya min ƙarara, faya na fashewa in taho, a fara allura a tayar da naƙudar, ba jira.

Ina ganin ana yawo da shawarar cusa tafarnuwa ko zama a ruwan bagaruwa. Don Allah kada a dogara da su a wannan maganar, babu wata hujja da ta nuna suna kare jariri.

Allurar ma kariyarta iyakarta makon farko. Akwai cutar GBS da ke tasowa daga kwana 7 har wata 3, wato ta haɗe sauran kwanakin wankan jego gaba ɗaya, lokacin da ake cewa maijego ba ta fita. Jaririn da ke nishi ko gurnani wajen numfashi, ko numfashin ya yi sauri, ko ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi an kasa tashinsa, ko jikinsa ya saki laƙwas, ko ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko launin fatarsa ya canza, ko kuka ya ƙi tsayawa da irin muryar da ba ki saba ji ba, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A yi masa addu'a a hanya.

Umma za ta zo zaman jego in sha Allahu. Na rubuta waɗannan alamomi da Hausa da manyan baƙaƙe na liƙa a jikin firij tare da lambar ɗakin haihuwa, na kuma roƙe ta idan ta ga ko ɗaya ta tashe ni ko ina barci. Ta ce to, amma da sharaɗin ba zan yi mata gardama a kan kunun kanwa ba, na amince.