Abin da Na Koya a Rainon Matasan Masu Binciken Kansar Bakin Mahaifa

Ni likitar mata ce a wani asibitin koyarwa a Kano, kuma cikin ayyukana babu wanda nake ji da shi kamar yi wa matasan mata jagora a binciken rigakafin kansar bakin mahaifa. Cuta ce da ake iya tarewa, amma ƙiyasin 2020 ya nuna ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya, ta kashe kusan 8,000. Namu matan, sai jini ya ƙi tsayawa ake kawo su, ciwo ya riga ya ci jiki.

Waɗanda nake raino yawancinsu ungozomomi ne da malaman jinya da ƙananan likitoci. Ba basira suka rasa ba, wanda zai gabatar da su suka rasa. Kuma tambayoyin da suke zuwa da su, mu manya ba mu cika kawo irinsu ba. Wata ungozoma ta taɓa ce mini, "Anti Dakta, matan unguwarmu ba gwajin suke gudu ba, kwanciya gaban baƙo suke gudu." Daga wannan magana muka gina bincikenta a kan gwajin HPV, wato ƙwayar da ke haddasa wannan kansa, wanda mace ke ɗaukar samfurinsa da kanta a ɗakinta, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Mun zauna tare a kan kowane mataki, tun daga neman izinin kwamitin ɗa'a har rubuta takardar amincewa da boko da ajami. Ita ta nuna mini cewa in ba a fara da mai unguwa da maigida ba, gidan ba zai shigu ba.

Da aka fara allurar HPV a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano na cikin jihohin farko, nan da nan jita-jitar hana haihuwa ta bazu. Wanda ya san gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, inda wasu suka mutu, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003 saboda irin wannan jita-jita, ba zai raina wannan tsoro ba. Ɗalibaina sun shiga makarantun Islamiyya suna sauraron iyaye mata, suna rubuta damuwarsu a matsayin bayanan bincike, ba tare da kiran kowa jahili ba.

Raino kuwa, na gane yawancinsa hidima ce da ba a gani. Gyaran Turancin maƙala ne har dare, da roƙon mujalla ta yafe kuɗin bugawa na dala, da rubuta wasiƙar shaida don a samu halartar taron AORTIC, ƙungiyar bincike da horo a kan kansa ta Afirka. Ganawarmu da hantsi muke yi, saboda masu goyo. Wani lokaci ni nake kiran maigidan ɗaliba in yi masa bayanin tafiyar. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: wadda ta sha ranar tattara bayanai, sunanta ne farko a maƙala.

Burin duniya shi ne zuwa 2030 a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Wannan na biyun muke bi yanzu: matar da gwajinta ya nuna matsala, me ke hana ta dawowa, kuɗin mota ne ko izini? Ungozomar nan ce ke jagorantar aikin, da ƙananan ma'aikata a ƙarƙashinta.