Kwalbar tonik a wajen awo

Yau a wajen awo nas ta ce in fito da duk maganin da nake sha. Na ajiye 'yan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da suka ba ni, da kwalbar tonik ɗin da Umma ta sayo mini a kemis. Nas ɗin ta duba sakamakon jinina, ta ture kwalbar gefe da yatsa ɗaya. "Maman biyu, jininki ya isa. Ƙwayar ta wadatar. Ayon, sinadarin ƙarin jinin da ke cikin ƙwayar da tonik ɗin, in ya yi wa mai ciki yawa, ana danganta shi da ciwon suga." Ta rubuta mini gwajin suga, tunda cikin ya shiga mako 26.

Gabana ya faɗi wallahi. Wata uku ina shan cokali biyu kullum, Umma na tsaye a kaina tana murna. Har yanzu ina tunanin yadda zan gaya mata ba tare da ta ji ciwo ba.