Ƙirgen numfashi a wajen mabiya Buddha

A gidajen ibadar Zen (wani reshe na addinin Buddha) da dama a Japan, ƙirgen numfashi ake fara ba sabon shiga domin ya koyi tattara hankali wuri ɗaya. Zai harɗe ƙafafu kan matashi, baya a miƙe, ido rabi a buɗe yana kallon ƙasa. Duk fitar numfashi lamba ɗaya, daga 1 zuwa 10, sai ya koma 1. In ya farga ya kai 14, hankali ya gudu ke nan, sai ya sake daga farko ba tare da zargin kansa ba.

Babban kuskure, a ganina, tilasta wa numfashi tsawo: ƙirji ya ɗaure, kai ya yi nauyi. Gyangyaɗi kuwa galibi daga ranƙwafawa yake zuwa, ko rufe ido ruf. Zama ɗaya minti 30 zuwa 40 ne, sannan a miƙe a ɗan taka a hankali.