Gocewar ƙoƙon gwiwar kare: yaushe ake tiyata, kuma wa zai yi jinya

Maganar da masu kare ke zuwa da ita kusan iri ɗaya ce, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Zuru: "Likita, yana cikin gudu sai ya ɗage ƙafar baya, ya yi taku uku ko huɗu, ya miƙar da ita, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru." Yawanci an riga an bincike tafin ƙafar ana neman ƙaya, ba a samu ba. Ciwon yana can sama, a gwiwa. Gwiwar kare kuwa ba ita ce gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya ba, wannan diddigensa ce. Gwiwar tana kusa da ciki, tana kallon gaba.

Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne, a ƙaramin kare bai wuce ƙwayar wake ba. Yana cikin jijiyar babbar tsokar gaban cinya, yana hawa da sauka a wani kwarmi da ke ƙarshen ƙashin cinya, sannan jijiyar ta wuce ta kama wani ɗan tudu a saman ƙashin ƙwauri. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyar da igiyar guga ta ci itacen bakinta ya san yadda abin yake: in mai ja ya tsaya daidai, igiya na bin gurbinta, in ya koma gefe sai ta fita, komai zurfin gurbin. A yawancin karnukan da ke da wannan ciwo tudun ƙwaurin ne ya karkata ciki, ko ƙashin cinyar ya ɗan lanƙwashe, shi ya sa ƙoƙon ke gocewa ta ɓangaren ciki. Da wannan ƙirar suke tasowa. Buguwar mota ko jifa na iya jawo shi, amma ba su ne suka fi yawa ba. An fi ganinsa a ƙananan karnuka masu gashi irin su Lasa da Pomeraniya, ko da yake manyan karnukan gadi ma ba su tsira ba, kuma kusan rabin masu ciwon gwiwoyi biyu ne suka kamu. Tunda ana gadonsa, karen da aka tabbatar yana da shi bai kamata a sa shi barbara ba, ko da tiyata ta gyara masa tafiya.

Hannu ne ke gano ciwon kafin hoto. Ana tsayar da karen, a laluba tudun ƙwauri, a bi jijiyar sama har yatsa ya taɓa ƙoƙon. Sai a miƙar da ƙafar, a ɗan juya tafin ciki, a tura ƙoƙon da babban yatsa. Tsananin ciwon mataki huɗu ne. A na 1 yana fita in an tura shi, ya koma da kansa da an saki. A na 2 yana fita da kansa, ya zauna a waje har sai karen ya miƙar da ƙafa ko an mayar masa, wannan ne mai tsallen da aka bayyana a sama. A na 3 kullum yana waje, ana iya mayar da shi amma ba ya zama. A na 4 ko an tura ba ya komawa, karen na tafiya a tsugune. Hoton ƙashi yana zuwa ne daga baya, don a ga yawan lanƙwasar ƙashi da yadda gaɓar ta ci.

Babban abin da aikin nan ya koya mana shi ne lambar mataki kaɗai ba ta yanke hukunci. Mataki na 1 da ba ya ɗingishi ba a yi masa tiyata, a rage masa ƙiba har a riƙa jin haƙarƙarinsa da tafin hannu, a sake dubawa bayan wata 6. Na 3 da na 4 na tiyata ne, musamman ɗan kwikwiyo, domin matsin ƙoƙon ne ke haƙa kwarmin yayin girma. In ƙoƙon ba ya ciki, kwarmin ba zai yi zurfi ba, ƙashin kuma zai ci gaba da karkacewa wata bayan wata. Gardamar tana kan na 2. A nan muna roƙon mai kare ya ɗauki bidiyo da waya, ya riƙa ƙirga sau nawa ake ɗage ƙafar a mako, mu kuma mu auna kaurin cinyoyin biyu da tef ɗin tela a wuri ɗaya. In ɗingishin na ƙaruwa, ko cinya ɗaya ta fara ramewa, jira asara ce, saboda kowace gocewa tana goge guringuntsi, shi kuwa ba ya tsirowa. Karen da ya shekara yana ɗan tsalle sannan rana ɗaya ya ƙi taka ƙafar gaba ɗaya, a yi zargin jijiyar cikin gwiwa da ke hana ƙwauri zamewa gaba ta tsinke. Wannan aiki biyu ne, ba ɗaya ba.

Ɗori ba ya maganin wannan. Babu abin da ya karye, ɗaure ƙafa da kara sai dai ya sandarar da gaɓar, ya ƙara ramar da tsoka, in an matse kuma tafin ya kumbura.

Tambayar da ta fi nauyi, wadda ya kamata a yi kafin a sa ranar aiki, ita ce: "Alhaji, wa zai tsare karen nan mako 8?" In amsar ita ce yara ko maigadin da ke sakinsa da dare, gara a dakata har a shirya. Haka kuma a duba jini. Kaska ta yi yawa a yankinmu, cututtukanta suna rage jini suna hana shi daskarewa. In awon kaurin jini, wato kason jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa, ya faɗi ƙasa da kashi 37 cikin 100 sosai, ko dasashi ya yi fari, a fara magance wannan tukuna. Aikin na buƙatar wanda ya saba da ƙashi, da injin hoto, da sa barci mai aminci. Ga mutanen Kebbi, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato shi ne wurin fara tambaya, a kuma sa kuɗin komawa hoto cikin lissafi tun farko.

Tiyatar kanta gyara uku ko huɗu ce a zama ɗaya. Ana yanko saman kwarmin da guringuntsinsa, a rage ƙashin da ke ƙasa, a mayar da yankin ya zauna da zurfi. Ana yanke tudun ƙwauri a matsar da shi waje ya daidaita da kwarmin, a kafe shi da siraran ƙarafa, wani lokaci da waya. Sai a sassauta naman da ya ɗaure ta ciki, a tsuke wanda ya saki ta waje. Matsar da tudun shi ne zuciyar aikin. A karen da ya gama girma, ɗinke nama kawai ba tare da gyara layin jan ba shi ne sanadin da ya fi mayar da ciwo. Karnukan da suka kai kilo 20 zuwa sama, da masu mataki na 4, sun fi samun matsala bayan aiki, wasu sai an yanke ƙashin cinya an miƙe shi. In ƙafa biyu ne, akan fara da wadda ta fi tsanani.

Jinya a gida ce ke ɗaukar sauran. Keji ko ɗan ɗakin da ba zai iya gudu a ciki ba, a inuwa mai iska, domin zafin Maris zuwa Mayu kan wuce 40 a ma'auni, kare a kejin kwano cikin rana zai iya mutuwa kafin la'asar. A shimfiɗa tabarmar roba ko buhu, tayil na sa zamewa, zamewa ɗaya kuma na iya ɓalle tudun da aka kafe. Kada a kwantar da shi kan yashin da ya jiƙe da fitsari, nan ƙudan da ke sa tsutsa a fata ke yin ƙwai. Kwana 3 na farko a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 10, sau 3 a rana. Mazurarin roban da ke hana shi lasar ɗinki ya zauna a wuya dare da rana har a cire zare a kwana 10 zuwa 14. Tausayin cire shi "ya ɗan sha iska" ya buɗe ɗinki da yawa. Fita bayan gida da igiya kawai, minti 5, a hankali sosai, don tafiyar sannu ce ke tilasta masa taka ƙafar. Bayan mako 2 a riƙa ƙara minti kaɗan kowane mako.

Wurin magani ne muka fi ganin ɓarna. Ibufurofen da dikilofenak na mutane suna huda cikin kare, suna kashe masa ƙoda. Meloksikam, maganin rage zafin ciwo da likita kan rubuta, miligiram 0.1 ne ga kowane kilo a rana bayan ta farko, tare da abinci. Karen kilo 5 ke nan miligiram 0.5, alhali ƙwayar mutane mafi ƙanƙanta 7.5 ce, ninki 15. Kada a haɗa shi da allurar deksametason. Amai, baƙin kashi ko ƙin cin abinci, a tsayar da maganin a kira likita.

Yawancin karnuka suna fara taɓa ƙasa da ƙafar cikin mako 1 zuwa 2. Wanda ya fara takawa sannan ya koma ɗagewa farat ɗaya, ko aka ji tsini a ƙarƙashin fatar gaban ƙwauri, ko ruwa mai wari na fita, ba a jira ranar komawa: ƙarfe ne ya motsa, ko tudun ya ɓalle, ko ƙwayar cuta ta shiga. In komai lafiya, ana sake hoto a mako 6 zuwa 8, kuma sai ya nuna ƙashin ya haɗe ake sassauta tsaro. Karen farauta ko na gadi ya ƙara wata guda ko biyu yana gina cinya da doguwar tafiya a igiya kafin a sake shi, a zuwan sake hoton nan ne kuma ake sake laluba ɗaya gwiwar a tsayar da shawara a kanta.